Depite Mati da Saƙon Rijiyar Garin Kalgo

Duk wanda ya zauna da marigayi Mati ko sau ɗaya ne, ya san yatsan nan. Ba ya magana sai ya ɗaga shi, kuma ba ya sauke shi sai an ce, "Mati, muna jin ka." A majalisar ƙasa haka, a ƙofar masallaci haka, a gaban akushin tuwo ma haka. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a lakol, ina roƙon ƴaƴan mutane su ɗaga hannu kafin su buɗe baki, ban taɓa samun wanda ya kama darasin nan kamar Mati ba, shi kuwa bai taɓa zama ajina ba. Matarsa Tabawa ta ce shekarar farko ta aurensu ta ɗauka ciwo ne a hannun, har ta nemo masa man shafawa.

Manyan cikinku za su tuna ranar jaki. Ana shari'ar iyakar gona a fadar sarkin yankinmu, sarki ya ɗauko magana tun daga kakannin masu gonar. Mati ya ɗaga yatsa. Sarki ya gan shi sarai, ya ci gaba. Ya sauko kan iyaye, ya biyo ta kan wata tsohuwar tsamiya da aka sare, yatsa yana nan a sama. Da sarki ya gaji da ganinsa ya ce, "To, Mati, hwaɗi mu ji."

"Ranka shi daɗe, lokacin da na ɗaga yatsa, jakin wani ne ya shigo zaure ya sa baki cikin damen geron da aka kawo maka. Yanzu kau na janye maganata, don ya gama ya hita."

"Kai, Mati! Mi ya hana ka yi ihu?"

"Ba a ba ni magana ba, ranka shi daɗe."

Ni Sani, da kuke kira Mushe, wato malamin lakol, ina da ikon ba da wannan labari yadda na ga dama, domin uwata da uban Mati ciki ɗaya suka fito. Taubasai ne mu. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har ya koma ga Allah ba mu daidaita wane ne ubangida ba. Yanzu da ba ya nan, na yanke shari'ar ni kaɗai.

Lokacin da Turawa suka sauke tutarsu muka ɗaga tamu, Mati yana akawu a buron kumandan, wato ofishin Baturen da ke mulkin yankinmu. Manyan jam'iyya suna neman masu sertifika, takardar gama lakol, da za su cika kujerun majalisa a Yamai, babban birni, sai wani mai hangen nesa ya ce ai ga depite an samu a ƙasar Agiye: mutumin da ba ya magana sai an ba shi izini. Abin da ya rage kawai, kada a ba shi. Dabara ce mai kyau, wallahi. Abu ɗaya suka manta. Ranar buɗe majalisa aka raba wa kowane depite wani ɗan littafi na dokokin zama: wa zai yi magana, yaushe, na minti nawa. Wasu suka yi fifita da nasu, wani ya tokare ƙafar tebur. Mati ya kai nasa wurin baduku aka ɗinka masa gafaka, ya haddace shi kamar karatun allo. A ciki ya gano cewa akwai lokutan da dole ne a ba mutum magana ko ba a so.

Magana kuwa yana da ita, guda ɗaya tak, kuma ba tasa ba ce. Rijiyar ƙauyenmu, Garin Kalgo, tsakanin Agiye da Gazawa, ta rufta. Mata suna fita da asuba zuwa wani gari, su jira shanun mutane su sha su ƙoshi, su dawo da hantsi da tulu ɗaya-ɗaya. Maza sun so su gina wata, sai labari ya zo cewa sabuwar gwamnati za ta yi wa kowane gari rijiyar siminti. Nan take kowa ya jingine digarsa. Wa zai shiga rami da hannu alhali mota tana tafe?

Kafin Mati ya tashi zuwa Yamai, uwata ta sa aka kira shi. Ni ina ce mata Inna, shi yana ce mata Gwaggo, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa.

"Mati, an ce kai ne bakinmu can. To ga saƙo. Ka tambaye su: za su gina muna rijiya, ko ba za su gina ba? Ban ce ka ɗauko rijiya bisa kai ba. Amsa nike so."

"In Allah ya yarda, Gwaggo."

"Allah ya riga ya yarda. Kai ka rage."

A lokacin an tura ni koyarwa Yamai, don haka duk zaman majalisa a ɗakina yake sauka. Sauran depitoci suna kama gidaje, shi kuwa ya iso da buhun gero da kuka da tabarmarsa, ya ce ai wauta ce mutum yana da bawa a gari ya je ya kwana wani wuri. Lada ɗaya na samu: ranar da ba ni da aji nakan hau wurin ƴan kallo in ga abin da idona.

Karon farko da aka ba shi magana ina wurin. Ya miƙe cikin farar rigarsa, ya gyara murya, ya fara da Faransanci irin na littafi, wanda ko alƙali ba zai samu inda zai sa jan alƙalami ba:

"Shugaba, ƴan majalisa, mutanen Agiye suna gaishe ku. Mutanen Gazawa suna gaishe ku. Mai garin Kalgo da limaminsa suna gaishe ku, suna tambayar gajiyarku, da iyali, da yara, da dabbobi, da yadda kuka ji da zafin nan..."

Ban taɓa jin an tambayi lafiyar awaki da harshen nan ba sai ranar. Mintocinsa suna tafiya, shi yana kan sarakunan noma. Daidai inda ya ce, "Bayan gaisuwa," shugaban majalisa ya kaɗa ƙararrawa. Lokaci ya ƙare. Mati ya duba agogo, ya ga gaskiya ne, ya zauna ba gardama.

Da muka dawo gida na ce, "Haba, bawan nan! Minti nawa aka ba ka, ka ɓatar da su wajen gaida mutanen da kuka ci kalaci tare?"

"Kai malamin lakol ne, Sani, ba ka san aike ba. Ka taɓa ganin an shiga gidan mutum an ce mishi 'rijiya' tun daga ƙohwa? Waɗanda suka ce in gaida, amana ce su ma."

Washegari, kamar yadda aka saba, aka karanta takardar abin da ya gudana a zaman jiya don a amince da ita. Layi ɗaya aka ba shi: "Depite Mati ya gaida majalisa." Sai ga yatsa a sama. Gyaran takarda yana cikin wuraren da ba a hana mutum, shugaba ya ce ya faɗi.

"Shugaba, abin da aka rubuta gaskiya ne, amma bai cika ba. Ina roƙon a ƙara: ba a amsa ba."

Aka ƙara! Wanda ya je ya tono takardun nan zai same shi.

To, a garinmu ɗan aike bai dawo ba sai da amsa. Ko an ga gangar jikinsa, ana lissafa shi yana kan hanya. Inna ta riƙe wannan al'ada kamar yadda Mati ya riƙe littafinsa, jini ɗaya ne ai. Da aka yi hutu muka zo gida tare, muka durƙusa a gabanta. Ta yi mini sannu da zuwa, ta tambaye ni hanya, ta tura mini ƙwaryar fura. Sannan ta dubi saman kan Mati ta ce, "Sani, in ka koma Yamai ka ga Mati, ka gaishe shi. Ka ce muna nan muna jira."

Yana zaune, gwiwarsa tana taɓa tabarmarta! Na yi dariya har fura ta sarƙe ni. Shi bai yi ba. Duk hutu haka ta yi masa, shekara da shekara, depite guda da ake tashi tsaye in ya shiga kasuwar Agiye.

Daga nan ya zama ƙaya a majalisar nan. Wata rana bayan azahar, cikin zafin bazara, ana son a amince da shirin ayyukan shekara, kuma Mati ya bi shi shafi-shafi bai ga Garin Kalgo ba. An ci an ƙoshi, fankoki suna juyawa a sama, rabin zauren ya tafi inda ba a zuwa da mota. Shugaba ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Mati ya riga kowa ɗaga yatsa, ya ce doka ta ba shi ikon neman a ƙirga waɗanda ke nan, a ga ko sun isa yanke hukunci. Aka ƙirga kawuna, aka ce sun isa har da ƙari.

"Shugaba, a cire masu barci."

"Depite, dokarmu ta ce waɗanda ke cikin zaure. Suna cikin zaure."

"Rigunansu suna cikin zaure, Shugaba. Barcin da zai karya wa mutum alwala, yaya za a ce bai karya masa ƙuri'a ba? Wancan bawan Allah na layi na uku, ko salla ba za mu bi shi ba sai ya je ya nemi buta."

Dariyar da aka kwashe da ita ce ta tada su. Na layi na uku ya zabura ya ɗaga hannu biyu, bai san ko a kan me ba. Shugaba ya dakatar da zama, aka fita aka wanke fuska, aka dawo aka jefa ƙuri'a ido biyu, shirin ya wuce babu rijiya. Na ce masa, "Madalla, ka tada su sun kada ka." Ya ce, "Amma bisa tsari."

Tun daga ranar idon shugaba ya daina gani ta ɓangaren Mati. Zama guda cur, yatsa a sama daga safe har tashi. Da kafaɗa ta gaza, ya samo ƴar gwafa ta icen gawo ya dinga ɗora gwiwar hannunsa a kai. Mai gadin zaure ya zo zai karɓe ta, Mati ya miƙa masa littafin ya ce ya nuna masa inda aka hana gwafa. Mutumin ya juya littafin sama da ƙasa, ya mayar masa, ya sara masa.

Ƙofar da ya samu daga ƙarshe tana can ƙarshen littafin, inda ba mai zuwa. Depite yana iya rubuta wa minista tambaya. In kwanakin da doka ta ɗiba suka cika ba amsa, tambayar tana hawa kan jerin aikin majalisa da kanta, kuma dole minista ya zo ya amsa da baki. Ba ruwanta da idon shugaba. Mati ya rubuta layi biyu, ya kai da hannunsa, ya karɓi shaida, ya dawo yana ja wa kwanaki layi a bangon ɗakina da allina. Ba wanda ya kula da takardar sai da kwanakin suka cika.

Lokacin kuwa wa'adin majalisa ya kusa ƙarewa, ana haɗa sunayen waɗanda za su koma. Jam'iyya ɗaya ce, jeri ɗaya ne: in sunanka yana ciki ka ci, in ba ya ciki ka koma gona. Ana gobe za a yi zaman, bayan la'asar, sai ga baƙar mota a ƙofata. Wani babba a jam'iyya ya fito, da babbar riga da baƙin tabarau. Muka gaisa, Mati ya tabbatar gaisuwar ta cika.

"Depite, minista ba ya son a tsai da shi gaban jama'a a kan rijiya guda. Ka janye tambayar nan, sunanka yana nan inda yake. Rijiya kuwa, a hankali."

"Ranka shi daɗe, da tawa ce, da na janye tun ba ka zauna ba. Ta gwaggota ce. Ga ka da mota, ka tahi Garin Kalgo ka ce mata ta janye."

Na ce, "Ranka shi daɗe, kar ka je. Uwata ce, na san ta."

Bai yi dariya ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Ka yi tunani, Depite," ya shiga motarsa.

Zan faɗi nawa laifin, tunda ina faɗin na kowa. Bayan tafiyarsa na ce wa Mati ya janye. Na ce kujera ba wasa ba ce, yana da iyali, in ya zauna wataƙila baɗi ya samo rijiyar ta bayan gida. Na yi masa bayani mai kan gado, irin wanda nake yi wa sufeto in ya zo duba aji. Ya saurare ni har na gama.

"Sani, shekara huɗu ke nan ina durƙusawa gaban matar da ta goye ni, tana aiko mini da gaisuwa Yamai. Kujera kau na tarar da ita, wani zai tarar da ita bayana."



Da safe ya riga mai shara zuwa majalisa. Ya tsaya a bakin ƙofa, duk depite da ya iso ya kama hannunsa ya isar masa da gaisuwar Agiye da Gazawa da Garin Kalgo, ɗaya bayan ɗaya, kuma bai saki hannun kowa ba sai da ya amsa. Da aka kira tambayarsa ya miƙe ya ce, "Shugaba, gaisuwa na gama ta a waje. Matan Garin Kalgo suna tambaya: za a gina musu rijiya, ko ba za a gina ba?" Ya zauna. Shugaba har ya kai hannu ga ƙararrawa, ya rasa abin da zai yi da ita.

Minista gwanin magana ne, ba zan rage masa ba. Ya ɗauko mu daga zamanin Turawa, ya ratsa da mu ta ci gaban ƙasa, ya nuna mana injiniyoyi da taswirori, ya sauke mu a kan cewa ana nazari. Aka tafa. Amma mai tambaya yana da ikon mayar da martani, Mati kuma ya san shafin.

"Shugaba, jawabin minista ya yi kyau, sai dai ya fi ƙarfin in ɗauka har gida. Wadda ta aiko ni tsohuwa ce, ba ta yi lakol ba. E, ko a'a?"

"Na ce ana nazari."

"Tun ina sabon depite ake nazarin nan. Mata suna tafiyar asuba, maza sun ajiye diga suna jiran motarku. In za ku zo, su jira. In ba za ku zo ba, ku sallame su."

Minista ya bugi tebur. "A'a! Babu Garin Kalgo a shirin bana, babu shi a na baɗi. Ka ji daɗi?"

"Na gode wa minista. Ina roƙon a rubuta, a ba ni takardar da hatimi."

Subhanallahi! Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da a'a haka ba. Ya fito daga zauren kamar ango. Da jerin sunaye ya fito babu nasa, ya karanta shi daga sama har ƙasa, ya ce an jera su da kyau.

Muka hau kamyo, babbar motar kaya, muka zo gida. Ya sa aka tara gari, maza da mata, ya karanta takardar da Faransanci, sannan ya fassara. Maza suka yi ta tsaki. Wani daga baya ya ce, "Wanga depite namu! Ya tahi Yamai shekara huɗu ya ɗauko muna a'a." Inna tana zaune a kan turmi, ta ɗaga sandarta aka yi shiru. A karon farko ta dube shi cikin ido.

"Maimaita wurin amsar."

"A'a, Gwaggo."

"Da bakinshi ya hwaɗi?"

"Da bakinshi. Ga hatimi."

Ta juya ga maza. "To, kun ji. Ba mai zuwa. Wanda ke jiran mota shi tashi, ta riga ta ce ba ta tahowa. Gobe a kira masu ginar rijiya, kowane gida namiji guda." Sannan ta koma kan Mati. "Kai kuma, tunda ka dawo, tuɓe rigar nan. Igiya na jiran ka."

Ya tuɓe kuwa. Rani guda yana jan kwandon ƙasa daga bakin rami, da hannun akawu da bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Tafinsa ya kumbura, ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Ni ma an sa ni ciki a hutun lakol, amma wannan shafi ne da ba na son a karanta. Kafin ruwan farko aka tarar da ruwa. Yana da ɗan kanwa-kanwa, har yau baƙi suna yamutsa fuska, amma ba mu ji wanda ya mayar ba.

Bai sake komawa Yamai ba, kuma ban taɓa jin ya yi kukan kujerar ba. Ya yi noma, ya rubuta wa mutane wasiƙa kyauta, ya tsufa a cikinmu. Ranar da ya rasu, da guga daga rijiyar nan aka yi masa wanka.

Ya Allah, ga bawanka Mati, ɗan aike ne da aka ba shi saƙo ya kai, ya dawo da gaskiya ko da ba mai daɗi ba ce. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Yadda ya ja igiya don mata su huta, Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, shi da gwaggonsa da ta aike shi. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu tarar da su lafiya. Amin.